Ƙadangare a Wainar Inna

A shekarata ta uku a jami'a aka koya mana dokokin aikin jarida, kuma a shekarar ce na kusa kashe wa mahaifiyata sana'a. Babu mugunta a ciki ko kaɗan, ilimi ne ya yi mini yawa.

Sunana Raudatu, ni ce auta a ɗakinmu. Garinmu Unguwar Buwai, can bayan Gezawa, inda gonar wani ke ƙarewa a gindin katangar wani, in ka yi atishawa a tsakar gidanka maƙwabci ya ce maka sannu daga cikin gyaɗarsa. Mahaifiyata, Inna Hure, ta kai shekara talatin tana suyar waina a ƙofar gida, ƙarƙashin darbejiya. Da asuba take hura wuta, kafin rana ta ɗaga manoma sun jingina fartanyoyinsu a jikin bishiyar sun jeru a benci. Tandar nan ce ta kai ni jami'a, kuma na san haka sarai.

Wata safiya ina ɗakin kwanan ɗalibai, na buɗe guruf ɗin garinmu a waya sai ga bidiyo. Abdulkabir mai cajin waya ne ya ɗauka, mutumin da ko kaza ta yi tuntuɓe sai ya ɗora a guruf. A bidiyon ga Kawu Ɗanliti zaune a bencin Inna, hularsa a ƙeya, ya ɗaga waina sama yana juya ta kamar mai duba ƙwai.

Ya ce, “Jama'a ku shaida. Shekaranjiya na tsinci jelar ƙadangare a wainar Hure. Jiya ƙafa. Yau ga wata ƙafar. In Allah ya kai mu Juma'a zan haɗa shi cikakke, in kai gida in kiwata.”

A nan bidiyon ya yanke. Na kalla sau huɗu. A makon nan malaminmu ya gama bayanin ɓata suna: magana ce ta ƙarya, an faɗe ta a gaban wasu, ta ambaci mutum, kuma za ta iya zubar masa da ƙima ko ta taɓa masa sana'a. Na lissafa da yatsuna, duka huɗun sun cika. Abin kunya ne in faɗa, amma a ƙarƙashin ɓacin raina akwai wani ɗan farin ciki, don na sami ainihin abin da ke cikin littafi a ƙofar gidanmu.

Kawu Ɗanliti ɗan kawun Inna ne, ita 'yar mace shi ɗan namiji, wato taubasai. Tun ina rarrafe nake jin yana zagin wainarta tana ramawa. Na san wannan. Sai dai a lokacin ina ganin duk abin da na sani kafin in shiga jami'a jahilci ne da ba a gama wankewa ba.

Da aka ba da hutu na sauka a gida da jaka a kafaɗa da littafi a hannu. Damina ta zauna, gero ya kai gwiwa. Ko ruwa ban gama sha ba na nuna wa Inna bidiyon. Ta karɓi wayar ta nisanta ta da fuskarta, ta kalla, ta yi dariya har da tafa cinya.

Ta ce, “Ai Abdulkabir ya cuce ni, ya yanke wurin daɗin. Ce wa Ɗanliti na yi ya yi sauri ya haɗa, ko ya sami ɗan'uwa mai kama da shi a gidan.”

Na ce, “Inna, wannan ɓata suna ne. Laifi ne a doka.”

“Taubashina ne fa, Auta.”

Na buɗe littafi na karanta mata hanyoyin da wanda aka kai ƙara zai iya kare kansa: ko maganar gaskiya ce, ko ra'ayi ne na adalci a kan abin da ya shafi jama'a, ko a kotu ko majalisa aka faɗe ta. Na ce, “Kin ji taubashi a ciki?”

Ta ce, “To wanda ya rubuta ba shi da dangi.” Ta tashi ta tafi wanke shinkafar ƙullu.

Da mai hankali ce ni da a nan maganar ta mutu. Ni kuwa na zauna na cika takarda biyu da Turanci, na sa kwanan wata, na ja layi a ƙarƙashin kalmar kotu. Na ba Kawu kwana bakwai ya janye maganarsa ya nemi afuwa, a wurin da ya yi ta, a lokacin da ya yi ta, kuma a ɗora a guruf ɗin da aka ɗora ta farko, kamar yadda ake sa jarida ta yi gyara a shafin da ta yi ɓarna.

Na same shi a zaurensa yana gyara ƙotar fartanya. Na gaishe shi har ƙasa, don ban zama marar kunya gaba ɗaya ba, sannan na fassara masa takardar. Da farko dariya yake yi. Da na zo kan kotu sai dariyar ta tsaya. Ashe Kawu ya taɓa zuwa shaida a wata shari'ar iyakar gona, shaida kawai, ya yi damina biyu yana zirga-zirga har ciyawa ta cinye masa dawa. Tun daga nan ko motar da za ta bi ta gaban kotu ba ya son shiga.

Ya ce, “Hure ce ta aiko ki?”

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na ce, “Doka ce, Kawu.”

Ya daɗe yana kallon takardar da ba ya iya karantawa. Sannan ya ce, “To. Ba sai an kai kwana bakwai ba. Gobe.”

Washegari benci ya cika. Na sa Abdulkabir ya saita waya, ban ma sha wahalar roƙonsa ba. Kawu ya zo da hularsa a daidai, abin da ban taɓa gani ba, ya tsaya a gaban tanda. Inna ta ɗago tana murmushi, ta riga ta tanadi amsa tun kafin ya buɗe baki. Da yake bai yi boko ba, ni nake faɗa yana maimaitawa.

“Ni Ɗanliti, cikin hankalina, ba tare da an tilasta mini ba.”

Ya maimaita, yana satar kallon takardar da ke hannuna.

“Ina janye maganar da na yi a kan wainar Malama Hure. Babu ƙadangare a cikinta. Babu jela, babu ƙafa. Ban taɓa gani ba. Ina neman afuwarta da ta masu sayen wainarta.”

Ya faɗi duka. Ya ƙara da rantsuwa, wadda ba ta cikin rubutuna. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar mai a tanda. Ni a raina wannan shirun na girmama doka ne. Sai na ga wani manomi a ƙarshen benci ya ajiye wainar da ya kai baki, ya raba ta biyu a hankali, ya leƙa ciki.

Waina uku suka ƙone a gaban Inna tana riƙe da tsinken juyi.

Kafin azahar bidiyon gyaran ya je inda na farko bai taɓa zuwa ba. Na farko mutanen garinmu ne suka kalla suka yi dariya suka wuce. Na biyu ya isa kasuwar Gezawa, ya shiga motocin Kano. Mutanen da ba su san Inna ba, ba su san Kawu ba, ba su ma san akwai wata Unguwar Buwai a duniya ba, duk suka san cewa akwai wata mai waina da aka yi maganar ƙadangare a kanta har ta kai ga rantsuwa.

Na cikin gari kuwa nasu lissafin daban ne. Da kunnena na ji wasu dattawa biyu suna tattaunawa a hanyar masallaci. Ɗaya ya ce, “Shekara talatin Ɗanliti yana cewa akwai, muna ci lafiya. Yau ya gyara hula ya ce babu. Kai ka taɓa ganin taubashi ya ba da haƙuri a kan wasa?” Ɗayan ya ce, “Sai dai in ba wasan ba ne.”

Na tare su na yi musu bayani cewa janye magana yana wanke wanda aka ɓata. Suka saurare ni da ladabi, suka ce Allah ya ƙara basira. Washegari ba su zo cin waina ba.

A kwana na uku rabin ƙullu ya kwana. A na biyar Inna ta rage shinkafar da take jiƙawa, duk da haka ya ragu. Na rubuta wani dogon bayani a guruf mai sakin layi shida, inda na kawo hujja cewa ƙadangare ba zai iya shiga tukunyar da aka rufe da faifai aka ɗora dutse ba. Wani ya tambaya, cikin neman sani tsakani da Allah, me ya sa ake ɗora dutsen in ba a taɓa samun matsala ba.

Amma ba kasuwar ce ta fi cin Inna ba. Kullum da safe Kawu zai biyo ta gaban darbejiya da fartanya a kafaɗa, ya rage tafiya, ya ce, “Ina kwana, Malama Hure. An tashi lafiya? Allah ya ba da kasuwa.” Sai ya wuce. Inna ta amsa, “Lafiya lau, Malam,” ta sunkuyar da kai tana gyara itacen da ba ya buƙatar gyara. Na taɓa ganin an yi wa Inna rashin mutunci ta shanye, ban taɓa ganin abin da ya karya ta kamar gaisuwar nan ba. Ko sau ɗaya ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ranar Laraba da yamma ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, “Juma'a zan yi ta ƙarshe. Gwiwoyina ma sun gaji. Tandar in kin ga mai so ki ba shi.”

Ranar Alhamis Maman Joyce ta zo. Daga unguwar masu zuwa coci take, can ƙetaren rafi, ita take kawo wa Inna man gyaɗa tun kafin a haife ni. Inna ta ce mata kada ta ƙara kawowa. Da na raka ta bakin hanya ta sauke galan ɗinta ta dube ni sama da ƙasa.

Ta ce, “Ke ce lauyar?”

Na ce aikin jarida nake karanta.

“Shekararki nawa da babanku ya rasu?”

“Huɗu.”

“To ba za ki tuna ba. Hure ta gama takaba ta ƙi fitowa. Wata biyu a kan na takabar tana ɗaki, tanda a kife, ku kuna cin abin da maƙwabta suka miƙo. Malamai sun yi nasiha, mu mun yi lallashi, ko gezau. Ran nan Ɗanliti ya zo ya tsaya a ƙofar gidan nan ya ɗaga murya, ya ce alhamdulillahi, tunda Hure ta daina waina haƙoran garin nan sun huta, har wani tsoho nasa ya fara tsirowa. Ina tsakar gida a ranar. Sai ga uwarki ta fito ɗankwali a hannu, ta ce masa gobe ya zo da haƙoran nasa ya gani. Washegari ta hura wuta.” Ta ɗora galan a ka. “Tun ranar bai taɓa fashi ba, sai da kika zo da takarda.”

Na koma gida na shiga ɗaki na yi kuka, na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Da na share hawaye sai halin ya motsa, na ɗauko wani littafin, na dabarun shawo kan mutane. An koya mana hanya uku: ka sa a yarda da kai, ka kawo hujja, ka taɓa zuciya. Na yafa mayafi na nufi zauren Kawu bayan la'asar.

Na fara da ta farko. Na ce a matsayina na wadda ta karanci dokar, ina tabbatar masa babu kotun da za ta kama shi. Ya ce, “Wancan makon ma ke kika karance ta.”

Na koma ta biyu. Na nuna masa cewa kafin ya janye magana benci cike yake, bayan ya janye ya zama wayam, saboda haka zaginsa talla ne. Ya ce shi manomi ne, ba ya talla.

Na zo ta uku, na ce Inna tana cikin damuwa, ta ce gobe za ta kife tanda. Hannunsa ya tsaya a kan igiyar da yake tufka. Na ɗauka na ci nasara. Sai ya ce, “Allah ya ba ta lafiya. Ki gaishe ta da kyau.” Ya ci gaba da tufkarsa. A nan na gane ba tsoron kotu kaɗai ke damunsa ba. An tsayar da shi a gaban mutane da furfurarsa, an sa shi ya kira Hure Malama, kuma har yanzu bai tabbata ba da saninta aka yi ba.

Littafi ya ƙare. Na miƙe, na kai bakin zaure, sai na ji bakina yana faɗin abin da babu malamin da ya koya mini.

Na ce, “Dama Inna ta ce kada in wahalar da kaina. Ta ce ba takarda ce ta hana ka ba, tsufa ne. Wai maganarka ta ƙare tun bara, kana ta maimaita ƙadangare ɗaya, da ka ga takarda sai ka sami wurin ɓuya.”

Ni da na yi wata uku ina haddace hukuncin wanda ya ƙaga magana ya jingina wa wani, ga ni na ƙaga na jingina wa uwata.

Kawu ya ajiye igiyar. “Ita ta ce haka?”

“Ita.”

“Ƙadangare ɗaya?”

“Haka ta ce.”

Ya ce, “To, madalla. Sauka lafiya.”

Ranar Juma'a Inna ta hura wuta kamar kullum, da ɗan ƙullu a ƙaramar roba. Mutum huɗu ne a benci, biyu daga cikinsu ma inuwa suka zo sha. Abdulkabir yana gefe, don ya ji labarin yau ce ta ƙarshe kuma ba ya son ta wuce shi. Ni ina bakin ƙofa ina ta leƙen hanya.

Rana ta fara ɗagawa sai ga Kawu. Hular tana daidai, gabana ya faɗi. Ya zo ya tsaya, ya jingina fartanya a jikin darbejiya, ya zauna a benci. Bai gaishe ta ba. Ya miƙa hannu ya ɗauki waina ɗaya daga kwano, ya juya ta, ya shinshina, ya gutsura. Ya tauna a hankali kamar mai aikin ƙwarai. Masu wucewa gona suka fara rage tafiya.

Ya haɗiye, ya gyaɗa kai. Ya ce, “Ta yi daɗi.”

Na ga kafaɗun Inna sun sauka. Ta kai hannu za ta janye itace daga murhu.

Kawu ya tura hularsa ƙeya. Ya ce, “Tsakaninki da Allah, Hure, a ina kika sayo?”

Wani a benci ya ƙware da dariya. Inna ta tsaya da itacen a hannu, sannan ta mayar da shi cikin wuta, ta ƙara wani.

Ta ce, “A inda ake sayar da haƙora. Na tambaya maka, sun ce ba sa yin na jaki.”

“Jama'a kun ji. Shi ya sa yau babu ƙadangare, ba ita ta soya ba. Ni kuwa saura kai kawai in cika nawa.”

“Ka duba madubi, kan yana nan.”

Tana faɗa tana goge ido da gefen zane, tana cewa itacen nan ɗanye ne, hayaƙi gare shi. Manomin nan da ya raba waina ya leƙa ranar gyara, shi ya fara miƙo kwano. Kafin a jima benci ya cika har wasu na tsugune, ƙullun ƙaramar roba ya ƙare, Inna tana yi mini tsawa in daina tsayuwa kamar an dasa ni in je in jiƙa shinkafar gobe, kwano uku. Abdulkabir ya ɗaga waya. Na buɗe baki zan yi masa bayanin dokar ɗaukar mutum ba da izininsa ba, sai na rufe. Na ce dai ya bari sai Inna ta rama kafin ya yanke.

Kawu ya ci shida. Ya wanke hannu, ya saɓa fartanya. Da ya zo wucewa ta bakin ƙofa inda nake, ya tsaya yana gyara takalmi, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji.

Ya ce, “Lauya, ƙaryarki ba ta da gishiri.”

Na sunkuyar da kai. Na ce, “Yaya aka yi ka gane, Kawu?”

“Shekara sittin muna tare da Hure,” in ji shi. “Ba ta taɓa zagina a bayan idona ba.”

Ya miƙe ya bi hanyar gona, yana ɗaga murya yana gaya wa waɗanda ya tarar a hanya su yi sauri, yau Hure ta sayo mai kyau.